Neman Kabarin Kashim a Badagiri

Badagiri,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga matata Shahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Nafisat sarkin rigima. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina, an kuwa gama maimai a gonar bayan gari?

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Na san halinki, da na kira sai ki buɗe murya ki miƙa wa Inna, ita kuwa duk Gwiwa babu mai kunnenta. Shi ya sa na ba Halliru direba, mai kawo shanu Legas, ya taho miki da ita.

Na sauka lafiya gidan Baba Dunoma, ƙanin mahaifinmu. Ya tsufa, Shahida, har na so in rasa gane shi. Matarsa Ya Kellu kuwa tun da na zo take ɗura mini kifi banda da miyar manja, wai ke kin bar ni na rame. Na ce mata alli da hayaniyar yara ne suka cinye ni, ba ke ba. Kin ga na kare ki.

Na ga teku. Wallahi duk abin da nake koya wa yara a aji game da shi, ashe surutu nake yi. Sai an hau kwalekwale mai inji an haye wani ruwa mai faɗi, a ratsa ta cikin itatuwan kwakwa, sannan a same shi. Tun ba ki gan shi ba kike jin rurinsa. Ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ba ya hutawa. Na riƙe bakin kwalekwalen nan gam, Ya Kellu tana ta yi mini dariya. Mun kuma leƙa Seme, bakin iyaka, inda ake ta cinikin sefa, har na ji kamar ina kasuwar Babura.

Amma kin san ba yawon dogon hutu kaɗai ya kawo ni ba. Shekara shida ke nan da Yaya Kashim ya nutse a nan, kuma babu wanda ya taɓa zuwa daga gida ya tsaya a kan kabarinsa. Kin ji abin da Inna ta ce ranar da zan taho, cewa har yanzu tana mafarkinsa tsaye a ƙofar zaure, rigarsa jiƙe sharkaf, ba ya sallama, ba ya shigowa. Ta ce in je in yi masa addu'a a kansa, in dawo in kwatanta mata wurin.

To sau biyu ina yi wa Baba maganar maƙabarta. Na farko ya ce ruwa ya ɓata hanya. Na biyu ya tashi ya ɗauki buta, alhali bai daɗe da yin alwala ba. Abin bai kwanta mini ba.

Ki gaida Inna, ki ce mata ina lafiya.

Mijinki,
Nuruddeen.


Badagiri,
Ranar Alhamis.

Shahida,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Allah ya sa kuna lafiya. Wannan ki karanta ta ke kaɗai.

Babu kabari, Shahida.

Jiya na gaji da kewaye-kewaye, na sa takalmi na ce zan je in tambayi masu haƙa da kaina. Sai Ya Kellu ta fashe da kuka. Baba ya zaunar da ni a kan tabarma, ya faɗa mini komai yana kallon ƙasa.

Ke ba ki san Yaya Kashim sosai ba. Lokacin da yake sakandare a Kazaure, babu wanda ya kai shi iyo a dam. Ya sha shan bulala a kan haka, bai daina ba. Da ya zo nan taya Baba ciniki, ranar wata Juma'a suka fita bakin teku da abokai. Masunta sun ɗaga masa hannu, sun ce ruwan yana ja ta ƙasa. Ya yi dariya, ya ce shi ɗan dam ne. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Sun ga kansa sau ɗaya, can nesa, shi ke nan.

Kin san yadda ruwanmu yake. In ya ci mutum, kwana ɗaya ko biyu gawa ta taso, ko masunta su shiga su lalubo ta. Baba ma a kan haka ya tashi. Da ya kira gida ran nan, Inna ta karɓi wayar ta tambaya ko an yi masa sutura, sai ya ce mata ana kai, da yardar Allah, don ya tabbata gobe ruwa zai kawo shi. Har likkafani ya saya. Mu kuwa a Gwiwa muka ɗauka an gama, muka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku.

Shi kuma Baba kullum yana bakin teku. Liman ya ce a jira gawa kafin a yi salla. Aka jira mako, aka jira wata. Masunta suka ce masa wannan ba ya mayarwa sai ya ga dama, kuma in zai mayar ba lalle a nan ba. Daga baya kunya ta hana shi sake kiran Inna. Mutanen nan suka ɗauka mun sallace shi a gida, mu muka ɗauka sun sallace shi a nan.

Kin gane abin da nake faɗa miki? Babu wanda ya yi wa ɗan'uwana salla. Ko mutum ɗaya. Shekara shida.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗaga wa Baba murya, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce ya bar tsohuwa tana yi wa ramin da babu shi addu'a. Ya Kellu ce ta shiga ɗaki ta fito da takalman Yaya a cikin leda, da likkafanin nan a naɗe, duk ya yi ɗigo-ɗigon danshi. Sai fushin ya zube, na rasa inda zan sa kaina.

Garin nan komai danshi ne. Na wanke riga tun shekaranjiya, har yau in na taɓa ta sai in ji sanyi, sai in tuna mafarkin Inna. Yau da hantsi na koma bakin tekun ni kaɗai. Na hango wani dogo yana tafe a gefen ruwa, yana ɗan jefa ƙafar hagu yadda Yaya yake yi. Na bi shi, ina sauri, har na buɗe baki zan kira. Da ya juyo, wani masunci ne da ragarsa. Ya dube ni kamar ya saba ganin irina.

Ina jin tsoro, Shahida, kuma ban san me zan kai wa Inna ba. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Nuruddeen.


Badagiri,
Ranar Asabar.

Shahida tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, a shafa mini kan Nafisat. Kwana tara ke nan da na rubuto miki. Na ji muryarki jiya, na kuma gane kin karanta takardar, don ba ki tsokane ni ko sau ɗaya ba. Na gode da kika riƙe bakinki.

Na ba Baba haƙuri, muka je wurin limamin unguwar Hausawa tare. Muka faɗa masa komai. Ya ce malamai sun saɓa a kan sallar gawar da ba ta nan, amma wanda ba a taɓa sallata ba, shi ba zai bar shi haka ba. Ya sanar bayan Juma'a cewa za a sallace shi a bakin teku. Na zaci mutum biyar za su zo, sai ga kwalekwale uku cike, mahauta, masu canjin kuɗi, 'yan dako, yawancinsu ba su ma san shi ba.

Baba ya nuna mana daidai inda Yaya ya tuɓe takalmi. Ni a raina na ɗauka za mu fuskanci ruwa, tunda can yake. Sai liman ya juya, ya daidaita sahu. Alƙibla a nan ta karkata arewa, teku kuwa yana kudu. Gaban liman, inda ake shimfiɗe mamaci, babu komai sai yashi. Yaya Kashim yana bayanmu.

Ban taɓa jin salla mai nauyin wannan ba. Kin san a tsaye ake yin ta, babu ruku'u babu sujada, sai kabbara huɗu. Rurin nan yana bayana, har ba na jin liman sosai. A kabbara ta uku ruwa ya taho ya shafi dugaduganmu, mai sanyi, ya tsaya kaɗan, ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Duk jikina ya ce in waiwaya. Baba yana gefena, kafaɗarsa a jikin tawa. Ban waiwaya ba har aka yi sallama.

Da muka juya, babu komai sai ruwa. Baba ya durƙusa a nan ya yi kuka irin na yara, mutane suka kau da kai. Likkafanin ya ba liman, ya ce a yi wa wani baƙo da ba shi da kowa.

Zan biyo Halliru ran Talata, in Allah ya yarda. Wannan takarda wani direba na ba, zai riga mu isowa. Idan Inna ta matsa miki, ki ce mata an sallaci Kashim, ni ina sahun gaba. Wannan gaskiya ce, ki faɗe ta da ƙarfinki. In ta tambayi kabari, ki ce ta jira ni. Baba ya roƙe ni in ce mata na gani, yana ƙarƙashin wata bishiya, ta samu ta kwantar da rai. Na ce masa a'a. Ni zan durƙusa a gabanta in faɗa mata da bakina, kuma ina so ki zauna kusa da ita in zan faɗa.

Ban taɓa jin tsoron isowa gida ba sai wannan karon.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Nuruddeen.