Gawayin Hajiya a Akwatin Kifi

Daren Laraba, Mandawari

Alhamdulillahi, yau dai ruwan ya washe! Sati biyu ke nan ina fama da gansakuka a akwatin kifin ruwan gishirin da Yaya Sadiku ya bar mini amana ya tafi Umara. Duk sanda na kankare gilashin, kafin kwana biyu ya sake yin kore shar. Ɗan kifin nan mai launin ruwan lemo har ya daina cin abinci, ni ma na kusa dainawa.

Da hantsi na buɗe matatar ruwan zan canza jakar kabon, wato gawayin musamman mai tace ruwa, sai ga dakakken gawayin girki a ciki, har da toka. Ashe shi ke ciyar da gansakukar. Na kai wa Hajiyarmu. Ko a jikinta, ta ce, "Ni na zuba. Na ga na cikin jakar ya kusa ƙarewa, kuma gawayi ai gawayi ne. Da hannuna na daka shi a turmi."

Dariya ta hana ni yin faɗa. Na zubar da shi, na ɗauraye sabon kabon har baƙin ruwa ya daina fita. Na sa jan garin nan mai tsotse fosfet, abincin gansakukar, ɗan kaɗan yadda Yaya ya nuna mini, sannan na canza wani kaso na ruwan.

Bayan la'asar ɗan kifin ya fito ya cafke abinci. Hajiya ta jawo kujera ta zauna tana kallonsa, ta ce, "Kin gani ko? Dama maganina a hankali yake aiki."

Jibi Yaya zai dawo. Hajiya ta ce in bar mata bayanin. Wallahi na bar mata.