Robar da Na Ɗaure Miki Ƙafa a Bakin Tagwai

Ya Liyatu, sanyin idona, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona, abar begena safe da yamma!

Saƙonki ya iso mini ta hannun yayarki Alisabatu: zoben alkawarinmu a ƙulle cikin hankici, wai kin sake ni, in je in nemi mai lafiyar ƙafa. Haba Liyatu! Wa ya gaya miki ƙafa na gani na biyo ki?

Kin manta Asabar ɗin nan a bayan dam ɗin Tagwai? Mun bar hanyar masunta mun kutsa daji, ke a gaba ni a baya, kina nuna mini bado ya buɗe a kan ruwa, kina ƙirga belbela a reshen gawo, kina yi mini dariya don na kira shamuwa agwagwa. Ni ɗan gari, me na sani? Duk tsuntsun da na iya sunansa, a bakinki na koya. Ni ne kuma na nace mu ratsa ciyawa don mu ga sheƙar shamuwar da kyau, alhali silifa ce a ƙafarki.

Wayyo! Da kububuwa ta sare ki a cikin ciyawar, hankalina ya tashi. Na kwance robar ɗaure kaya ta babur ɗina na ɗaure miki ƙafa tamau, yadda na ji manya suna faɗa, ina jan ta ina kuka, ina ganin ceton ki nake yi. Sai a asibiti likita ta ce ɗaurin ya fi dafin ɓarna. Yatsun ƙafa uku aka yanke miki, Liyatu, kuma da hannuna na jawo! Ke ce kika sha zafin, ke ce yau kike kulle kanki a ɗaki don kunyar dogara sanda, kuma ke ce kike tausayina? Wannan abin yana cin raina, ko tuwo ba ya wuce mini.

Ranar Lahadi bayan sujada zan zo Paiko tare da Kawu Gaiya, mu durƙusa gaban Babanki a sa rana. Idan don ni na ja robar kike ƙi na, fito ki faɗa mini da bakinki, zan haɗiye, na cancanta. Idan kuwa don ɗingishi ne, ban karɓa ba, masoyiyata, ba zan taɓa karɓa ba. Ni zan rage sauri, mu jera tare.

Naki ke kaɗai, da sanda ko babu, har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido,

Irimiya