Allurar Mai Ce Ta Yi Ƙarya, Osmel

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar mangwarona a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a gonar rake, Osmel.

Ban san ta inda zan fara ba. 'Yan matan cikin littattafaina bakinsu ba ya mutuwa, ni kuwa ko gaisuwarka sai na haɗiye rabinta. Shi ya sa na ari bakin takarda.

Ka tuna ranar da Baba ya kira ka ka duba gejin man tsohuwar motarmu, wadda ta girme shi kansa? Ya ce allurar ta rikice, yau ta nuna rabi, gobe ta kwanta kamar ba a taɓa zuba mata komai ba. Ka zaunar da ni a gaban sitiyari ka ce in zuba wa allurar ido, kai kuma ka shige ƙarƙashi ka cire wayar tanki ka taɓa ta da jikin mota. Ka tambaye ni ko ta motsa. Wayyo, Osmel! Ta motsa, ta yi tsalle har ƙarshe, ni ma wani abu ya yi tsalle a ƙirjina, na kasa amsawa sai da ka sake tambaya. Ka fito kana dariya, baƙin mai a kumatunka, ka ce ashe 'yar Evelio tana da murya. Ka ce geji lafiya, waya lafiya, ɗan abin da ke iyo a cikin tanki ne ya huje yana shan mai yana nutsewa, ranar Asabar za ka sauke tankin.

Asabar ɗin ba ta zo mana ba. Ka san wahalar da Baba ya sha a layi kafin ya samu man nan. Da ya kunna mota ya ga allura a ƙasa, sai ya manta duk bayaninka, ya ce da tiyo ka zuƙe man, ya kore ka a gaban maƙwabta. Ina bayan labule ina kallo. Ka ajiye sifana a hankali ka tafi, ko waiwaye babu. Me ya riƙe mini harshe? Ni da na ga allurar nan da idona?

Na gwada, wallahi na gwada. Muna cin shinkafa da baƙin wake na buɗe baki, Baba ya ɗago kai, sai na ji kaina ina cewa a miƙo mini gishiri.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Jiya na hango shi ta taga ya zura sandar gwaiba a cikin tanki. Ta fito a jiƙe har wuya, Osmel, man yana nan! Ya daɗe yana kallonta, ya goge ta da tsumma, ya shigo ya sha gahawarsa. Kaka Caridad ta ce haka yake tun yana yaro, gara ya taka da ƙafa har birnin Santa Clara mai nisa da ya ce ya yi kuskure.

To ni ina zan sa kaina? Ya sani, ba zai kira ka ba. Kai an zubar maka da mutunci, ba za ka zo ba. Ni kuwa ina tsakani kamar tsuntsuwar da ruwa ya jiƙa wa fiffike.

Ina roƙonka, hasken safiyata, ka zo da kayan aikinka kamar ba abin da ya faru. Kada ka jira haƙuri daga bakinsa, iyakarsa ya tura maka kujera da ƙafa. Na san abin da nake nema ya yi maka nauyi, ban kuma da abin da zan ɗora a kai sai wannan takarda.

In ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba. Zan dai ci gaba da zama taka, a gidan da aka haramta ambaton sunanka.

Mai riƙe da amanarka har numfashin ƙarshe,
Dayamí