Binciken Baffa Badamasi

Fagge, Kano

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya Malesiya? Ummarki ta zo mini da magana tana ta kewaye-kewaye, wai kin samo miji ɗan China. Digiri na uku muka tura ki nema, ashe da rara za ki dawo. Ban ƙi ba, amma tunda mahaifinki ya rasu ni ne waliyyinki, kuma a gidan nan ba a aure sai an yi bincike. Musulmi ne? Ɗan wane ne? Turo mini lambar mahaifinsa mu gaisa irin ta manya.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki, Badamasi

Taman Melati, Kuala Lumpur

Baffa,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa da ladabi. Wallahi da kunya nake rubutun nan. Sunansa Abdurrahim, ɗan ƙabilar Uyghur ne daga Kashgar, kuma kakanninsa sun yi shekara wajen dubu suna salla. Injiniya yake karanta, da yamma yana taya wani kedai, wato gidan abinci, girki. Da hannu yake jan taliya, Baffa, ba inji. Tapau na je yi, wato sayen abincin tafiya gida, abin da ya biyo baya ke nan.

Lamba kuwa babu. Hukuma ta tafi da mahaifinsa sansanin tsare mutane a 2017, har yau shiru. Maganar ƙarshe da mahaifiyarsa, Tursungul, ta yi masa ita ce kada ya sake kira, don a can kiran waya daga waje kaɗai ya isa a kama mutum. Majalisun Kanada da Birtaniya sun ce abin da ake yi wa Uyghur kisan ƙare dangi ne, gwamnatin China ta ce makarantun koyon sana'a ne. Ƙasarmu ma ta sa hannu a takardar da ta goyi bayanta. Ranar da ya ji haka dariya ya yi, ya ƙara mini nama a kwano, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Limamin masallacinmu zai ba da shaida a kansa. A gaida Umma.
'Yarka, Zuhra

Fagge, Kano

Zuhra,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, na yi ƙwalla, Allah ya saka musu. Takardar nan da aka sa wa hannu, ni dai ba wanda ya shawarce ni.

Amma kwantar da hankalinki, Baffanki ya samo dabara. Shaidar liman tana da kyau, sai dai liman bai san kakan yaro ba. Alhaji Tajuddeen na Kantin Kwari zai tafi Guangzhou saro atamfa ranar Alhamis. Na rubuta masa sunan mahaifiyar tasa da garinsu da sunan yaron, zai sa dillalinsa ya tambayo mana gidan a hankali. Na haɗa da turare da dabino a kai mata, kada a ce surukai sun zo hannu rabbana. Ai duk China ce. Mai baki ba ya ɓata.

Baffanki

Taman Melati

Baffa,

Sallama. Na kira wayarka a kashe, ga saƙo ta wayar Umma. Don girman Allah ka karɓo takardar da ka ba Alhaji yau. Daga Guangzhou zuwa Kashgar ya fi nisan Kano zuwa Makka, amma ba nisan ne damuwata ba. Baƙo ya tambayi sunanta, da sunan ɗanta da ke waje, da tsaraba daga ƙasar Musulmi, an gama da ita ke nan.

Na gaya wa Abdurrahim. Ya zauna a kan buhun fulawa. Sannan ya ce, "Ki ce wa Baffa ina girmama al'adarku. Idan ba a aure sai an tambayi mahaifiyata, na haƙura da auren." Ina sonsa, Baffa, yau na faɗa ba kunya. Kuma tsoro nake ji.

Zuhra

Fagge, Kano

'Yata,

Sallama. Share hawayenki. Da silifas wari da wari na hau adaidaita, na tarar da Alhaji yana ɗaure kaya. Bai nuna wa kowa ba. Takardar na ƙona ta da hannuna, dabinon kuma yaran shagonsa sun riga sun yi masa aika-aika. Garin gyaran gira na so in rasa ido, Allah ya yafe mini.

Bincike ya ƙare. Yaron da zai haƙura da ke don uwarsa ta kwana lafiya, na san irin gidan da ya fito.

Saura abu ɗaya: ba a neman aure ba dangi. Na bar wa ƙanena Lawal waliccinki, ni na koma ɓangaren ango. Ranar Asabar zan sa babbar riga, in ɗauki goro, in yi sallama a ƙofar gidanmu, in jira a ba ni izinin shiga. Ki gaya wa Abdurrahim ya turo mini cikakken sunan mahaifinsa. A madadinsa zan yi magana, kuma ina so in faɗe shi daidai.

Uban ango,
Badamasi