Na Ce Wa Baba Gara Ta Cinye Azarar Soronsa

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu, a bar shi a kan wani ƙauye ne a ƙasar Rano. Kuma kafin a fara zagina a ji ni tukuna, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano. Mahaifina manomi ne, ya tsufa, kuma tun da na yi wayo a soro ɗaya na san shi, soron da kakana ya gina da azarar giginya. Ɗakin nan ko rana ta take tsaka a bazara, in ka shiga sai ka nemi mayafi. Da ɗari kuwa akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi da yamma, tsoho ya kwanta bayansa da ɗumi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka amininsa Baba Ilu magini zai zo ya hau sama ya yi yaɓe, ladansa damin dawa da ƙwaryar fura, su zauna suna tsokanar juna. Abin da gyaran ɗakin yake ci ke nan, ba ƙari.

To, shekarar da aka sami mulkin kai wasu abokan aikina biyu suka biyo ni gida cin kasuwar Kibiya. Muna tsaye a tsakar gida ɗaya ya ɗaga kai ya dubi soron, ya ce, "Au, Akawu, ashe kai ma a kan turɓaya aka haife ka? Duk albashin nan ba ka sa wa tsoho kwano ba?" Suka yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi maganar ta yi mini ciwo. Wai me ya dame ni da bakin mutumin da ko ɗakin haya bai iya sharewa? Amma ta dame ni. Na sami Baba da maganar kwano, ya ce, "Me soron ya yi maka? Bar mini abina." Na sake komawa, ya sake korata.

Nan ne na yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Na je bayan gida, na ɓalle guntun itace daga rumfar awaki wanda gara ta rarake, na kawo masa na ce daga saman ɗakinsa na ciro, azara ta gama lalacewa, damina ɗaya za ta rufto masa. Idonsa ba ya gani sosai. Ya murza itacen ya ji yana zuba kamar gari, sai ya aika a kira Baba Ilu. A gaban mutane, a ƙofar gida, ya miƙa masa ya ce, "Ilu, shekara nawa kana hawa ɗakin nan? Haka za ka bar shi ya kashe ni?" Baba Ilu ya karɓi itacen, ya juya shi, ya dube ni. Magini ne fa, ya san giginya ko a mafarki. Ya daɗe yana kallona, ni kuwa na kafa ido a ƙasa. Sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam," ya ajiye itacen ya tafi. Bai tona ni ba. Daga ranar Baba bai ƙara amsa sallamarsa ba, magana kuma ta bazu har Saji cewa Ilu ya tsufa, idonsa ba ya gane gara. Gidajen da yake yi wa yaɓe suka fara neman wani.

Na kawo kafinta daga Rano. Aka sauke rufin, azara ta fito lafiya lau, baƙa sil, ko ƙusa ba ta shigarta da sauƙi. Na sa aka yi maza aka ɗora ta a amalanke, na sayar wa wani Alhaji a Kibiya, na haɗa kuɗin na sayi kwano. Kwano da katako da ƙusa da ladan kafinta suka lashe fam ashirin da biyu. Kafintan ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an yi silin, in ba haka ba ɗakin nan tanda ne." Na tambayi kuɗin, ya ce fam bakwai. Na ce a bari sai baɗi, ai silin ba a ganinsa daga hanya. Na sa aka fasa gadon ƙasa aka zuba siminti, na kawo gadon ƙarfe mai rumfa. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, ana ta sa mini albarka. Su ɗin nan, masu cewa "Allah ya ba mu ɗa irinka", ko ɗaya a cikinsu bai taɓa wuni a ɗakin ba.

Shekara biyu ke nan yanzu. Da bazara, hantsi na yi ɗakin ya zama wuta, in ka taɓa ƙarfen gadon sai ka janye hannu. Da ɗari sanyi yana tasowa ta simintin, yana sauka ta kwanon, ga tsoho da ciwon gwiwa, ba inda zai sa garwashi. Da damina in ruwa ya sauka ko kiran salla ba ya ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bai taɓa cewa komai ba. Kai, ko da azahar ba ya yarda ya fito gindin ɗorawa, don kada a ce ɗakin da ɗansa ya yi masa ba ya zaunuwa. Na taɓa samun sa a ciki, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, yana haki, na ce, "Baba, ka fito ka sha iska mana." Ya ce, "Ina zan je? Duk garin nan wa aka yi wa ɗakin Turawa in ba ni ba?" Na fita na tsaya bayan rumbu, na rasa inda zan sa kaina.

Kada a ce ban nemi gyara ba. Silin yanzu ya kai fam goma sha ɗaya, kuma kafintan da kansa ya ce ko an yi, zafin ragewa kawai zai yi. Na tambayi kuɗin mayar da soro, aka ce azara mai kyau sai an sayo daga nesa, abin ya fi albashina na wata huɗu. Na tafi Kibiya wajen Alhajin, ya shigar da ni zauren da ya rufa da azarar kakana, sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Na roƙe shi ya mayar mini. Ya yi dariya ya ce, "Malam Akawu, in rushe zaurena don me? Ai ku 'yan boko kwano kuke so."

Watan jiya zafi ya kayar da Baba. An same shi a ƙasa bakin ƙofa, yanzu gefensa ɗaya ba ya motsi sosai, maganarsa da ƙyar. Da na je, ya kama hannuna ya ce, "Akawu, ka kira mini Ilu. Na riƙe shi a zuciya, ba na son in tafi da shi. Ya cuce ni, amma zan yafe masa."

Zai yafe masa! Mutumin da bai yi masa komai ba, wanda na raba da sana'arsa da amininsa na shekara arba'in.

Na je na sami Baba Ilu yana kwaɓa ƙasa a gidan wani, aikin da a da yaransa suke yi masa. Na durƙusa na faɗa masa saƙon. Bai ɗago ba, ya ce, "Zan zo ranar Juma'a bayan masallaci. Amma ka ji ni, ɗana. Ranar nan na yi shiru don kada mahaifinka ya ji kunya a gaban jama'a, ba don kai ba. In ya ce ya yafe mini, zan tambaye shi laifin me."

Yau Litinin. In na riga Baba Ilu na faɗa wa mahaifina gaskiya, ina tsoron maganar ta ƙarasa tsohon, kuma ɗakin da yake alfahari da shi ya zame masa abin baƙin ciki. In na yi shiru, zai ji daga bakin wani, ina tsaye. In na koma na roƙi Baba Ilu ya sake haƙuri, da wane bakin zan ce masa ya karɓi gafarar laifina?

Jama'a, ku dubi Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?