Takalman da ke Mataki na Bakwai

Jimeta, Litinin

Uwargida Keziya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin kan dutse? Ina fata ciwon bayan ya sake ki. Tunda sabis ya ƙi ƙauyen nan naku, na ba Hamajoɗa direba wannan takarda.

Kin tuna Selina, wadda ta zo makarantarmu daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, mai zama a kujerar baya a kulob ɗin kwamfuta? Ta girma. Ta zo mini da wasan kwamfuta, wai ita ta ƙirƙira. Za ta shiga gasar da ake ɗaukar mutum a koya masa aikin shekara biyu kyauta, kuma ba a karɓa sai tsohon malami ya duba, ya ba da maki, ya sa hannu cewa aikin ɗalibi ne. Jumma'a ake rufewa.

Na yi murna, amma kin san abin da ya same ni da na sa wa ɗalibina Sammy hannu, ashe kwafo ya yi, aka dakatar da kulob ɗinmu shekara biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wasan ba harbi, ba duka. Yarinya ce za ta fita daga ƙauye ta kai bakin kogi ba tare da masu gadi sun gan ta ba. Selina tana sayar da shi a kan kuɗin mudun gyaɗa, kuma dabarar ciki ta fi kuɗin. Hotunan kuwa, Allah ya kyauta. Itatuwa kamar tsintsiya, kogi kamar shuɗiyar tabarma, masu gadin ko fuska ba su da ita. Amma takalmansu! Har ɗinkin gefe ana gani, da taɓon da ya bushe a dunduniya. Hannun da ya zana wannan kogin ba shi ya zana takalman nan ba. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Naki,
Apollos

Jimeta, Laraba

Keziya tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na karɓi zumar, na gode. Kin ce in tambaye ta kawai. Ai ɓarawo ma amsa gare shi.

Na kai wasan shagon Chiagozie mai tura wa mutane wasanni a kasuwa. Ya rantse ya ga dubu irinsa amma bai ga wannan ba, sannan ya ce in yi hankali, yaran yanzu suna sayen hoto a intanet kamar kayan miya. Wannan bai taimake ni ba.

Ga kuma mataki na bakwai na wasan, gonar dawa. Sau talatin da ɗaya aka kama ni. Na bi dama, na bi hagu, na yi gudu, takalman nan sai su juyo kaina. Akwai wasu baƙaƙen dunƙule a bakin gonar, ban sani ba ko duwatsu ne ko ƙwarya. Zatona ta yanko matakin daga wasan wani ne, ya lalace a hannunta ba ta sani ba.

Na aika mata ta zo gobe ta buga shi a gabana. In ta kasa wucewa, ba zan sa hannu ba, ko da za ta daina gaishe ni. Ki sa ni a addu'a, don ina son yarinyar nan ta ci.

Naki,
Apollos

Jimeta, Jumma'a

Keziya,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Ta zo jiya bayan an tashi makaranta. Na buɗe mata mataki na bakwai, na tsaya a bayanta kamar mai gadin jarrabawa. Ba ta sa yarinyar wasan gudu ba. Ta danna wani maɓallin da ban kula da shi ba, yarinyar wasan ta cire silifas ta zura su a hannu, ta kwanta cikin dawa. Minti huɗu ba motsi, har na ɗauka kwamfutar ta tsaya. Sai dunƙulen nan suka miƙe suka yi gaba. Ashe zabi ne. Ta ce duk wanda ya firgita zabi ya kira wa kansa mutuwa, sai an bari sun gama kiwo sun tafi da kansu. Yarinyar wasan ta ja ciki ta wuce.

Ni da bakina na tambaye ta inda ta samo takalman. Ta ce a gonar kawunta ta samo su, ranar da aka kai hari ƙauyensu, tana da shekara tara, tun hantsi har la'asar tana kwance tana kallonsu. Ta nuna mini na ƙafar hagu, wanda aka ɗaure da jar wayar lantarki maimakon igiya. Na ce fuskokin fa? Ta ce, Malam, wanda ya ɗaga kai ne ya ga fuska, kuma ba ya cikin waɗanda suka iso Malkohi.

Na ba ta haƙuri. Ta yi dariya, ta ce kada tausayi ya sa in ƙara mata maki, ita ma ta san kogin nan abin kunya ne, a Yola ta fara ganin babban ruwa.

Na sa hannu, na kai fom da kaina yau da safe. Dabara na ba ta tara cikin goma, hotuna kuwa maki huɗu. A wurin takalman na bar fili, don ban san makin da ake ba su ba.

Ki dawo da wuri.

Mijinki,
Apollos