Waƙoƙin Nevena Sun Tsorata Yayanta

Varna, watan Oktoba

Ƙanwata Nevena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Jiya a rediyo na ji wata malamar jami'a mai nazarin tunanin mawaƙa tana magana kan sabon littafinki. Ta ce kalmar "mu" ta ɓace daga waƙoƙinki, sai "ni" da "har abada". Wai haka ake gani a rubutun mawaƙan da suka kashe kansu. Tun daga nan na kasa cin abinci. Kin san ni makaniken jirgin ruwa ne, ban san waƙa ba, amma na san yadda Mama ta yi shiru kafin ta ɗauki ranta ta bar mu. Ki faɗa min gaskiya.

Yayanki,
Zdravko

Plovdiv

Yaya sarkin tsoro,

Ina gaishe ka da matarka Tsvetana da yara. Wato sai da baƙuwa ta ƙirga kalmomina ka tuna kana da ƙanwa? Likitana na ƙwaƙwalwa ne ya koya min wata dabara: in tunani ya shaƙe ni, in rubuta shi, in tambaye shi hujjarsa, kamar mai bincikar shaida a kotu. Abin da na rubuta ta haka shi ne waƙoƙin. Tsoron da ya hau takarda ya rage ƙarfi.

Amma tunda ka tambaya, ba littafin ne abin damuwa ba. Tun da ya fito ban rubuta komai ba. Ina zama, abin yana ƙirjina, ina tambayarsa hujja, ba ya amsawa. Barkonon da na saya zan gasa in adana don hunturu ya ruɓe a baranda, ina kallonsa. Kada ka gaya wa Tsvetana.

Taki,
Nevena

Varna

Nevena,

Gaisuwa. Na gaya wa Tsvetana, ki yi fushinki. Na buga wayarki ba ki ɗauka ba. In zo, ko zuwana zai ƙara miki nauyi? Likitan ya san kin daina rubutu?

Yayanki

Plovdiv

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau na faɗa wa likitan komai. Magungunan barcina suna hannun maƙwabciyata dattijuwa Baba Stoyanka, ni na kai mata da kaina don kada in cutar da kaina. Har yanzu tsoro nake ji. Ka hau jirgin ƙasa na Asabar, kada ka tsaya sayen tsaraba.

Ƙanwarka,
Nevena